Sunan Gida da Sunan Waje: Tsara Sunayen Na'urori a Gidan da Ke da Intanet

1. Gabatarwa

Tun da aka fara wayar salula ta GSM a Nijeriya cikin 2001, intanet ya yi ta matsowa daga ofisoshi zuwa gidaje. Yau a Yelwan Yawuri, da Wara ta ƙasar Ngaski, da Shanga, da sauran garuruwan bakin Tafkin Kainji, a kan sami gidan malami ko na ɗan kasuwa da wata 'yar na'ura mai sim a cikinta, tana raba intanet ga wayoyin mutanen gida. Ita ce a ke kira rauta. Da zarar wayoyi da kwamfuta da firinta sun rataya a rauta guda, to, sun zama wata 'yar unguwa ta kansu, suna iya magana da juna ko da hanyar waje ta yanke. Amma kafin ɗaya ta yi wa ɗaya magana, sai ta san inda 'yar'uwarta ta ke.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana yadda a ke raɗa wa na'urorin gida sunaye, da yadda a ke bin suna har a kai ga na'urar, ba tare da an ɓata hanyar neman sunayen waje ba. An kawo batun cikin takardun wannan Sashe don rabinsa aikin mai nazarin harshe ne, watau sanin wane suna ya dace, ina iyakar inda a ke gane shi, da abin da ke faruwa in sunaye biyu sun yi karo. Abin da za a nuna shi ne, gida yana bukatar magatakarda guda, wanda ya san sunayen cikin gida da kansa, ya san wanda zai tambaya game da na waje, kuma ba ya gauraya biyun.

2. Suna da lamba

Na'urori da lamba su ke gane juna. Lambar da aka fi sabawa da ita kashi huɗu ce, ɗigo na raba tsakaninsu, kowane kashi daga 0 zuwa 255, alal misali 192.168.1.10. Wannan lamba ita ce adireshin na'ura. Mutum kuwa suna ya fi iya riƙewa. Sabo da haka tilas a sami wanda zai tsaya tsakani, a ba shi suna ya ba da lamba. Wannan aiki shi za mu kira warware suna, na'urar da ke yinsa kuwa mu kira ta magatakarda, don ita ke riƙe da littafin sunaye.

Akwai dalili na biyu wanda ya fi wahalar hadda nauyi, shi ne lamba tana sakewa alhali suna yana nan. Mutanen bakin Kwara sun ga misalin wannan da idonsu. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968, ruwa ya ci tsohon garin Busa, aka mai da mutanensa Sabuwar Busa, aka kuma tashi Gungawa da yawa daga tsibiransu aka zaunar da su a gaɓa. Mazauni ya sake, sunan mutane bai sake ba. Baƙon da ya zo neman su da suna ya kan same su, muddin ya tambayi wanda ya san sabon wurin. Wanda ya dogara ga tsohon kwatance kuwa ruwa zai tarar. Haka abin ya ke a gida. Rauta aron lamba ta ke ba kowace na'ura zuwa wani wa'adi, ta wani tsari da a ke kira DHCP. In wa'adin ya cika, ko wuta ta ɗauke ta dawo, firintar da jiya ta ke 192.168.1.104 tana iya wayar gari 192.168.1.107, sai mai gida ya aika takarda a buga ya ji shiru.

3. Daga littafi guda zuwa tsarin sarauta

A farkon al'amari, bisa hanyar sadarwa ta ARPANET wadda aka kafa a Amurka cikin 1969, fayil guda ne a ke rubuta sunan kowace kwamfuta da lambarta a ciki, sunansa HOSTS.TXT. Ofishi ɗaya ke riƙe da shi a Cibiyar Bincike ta Stanford, ƙarƙashin Elizabeth Feinler, kowa kuwa ya kan kwafo shi lokaci lokaci. Da kwamfutoci suka yi yawa sai abin ya gagara, don kafin a gama kwafa an sake wani abu a ciki. Cikin 1983 Paul Mockapetris ya fito da tsarin da a ke taƙaita sunansa da haruffan DNS, aka gyara shi cikin 1987, shi ne kuwa ke aiki har yau.

Hikimar tsarin ita ce rabon iko, irin na sarauta. Sarki ba ya riƙe da sunan kowane magidanci a ƙasarsa. Ya san hakimansa, hakimi ya san dagatai, dagaci ya san masu unguwa, mai unguwa ya san gidaje. A duba sunan abu.edu.ng, a karanta daga dama. Kalmar ng ta Nijeriya ce, ƙungiyar NiRA wadda aka kafa cikin 2005 ke kula da ita. Edu sashen makarantu ne. Abu kuwa Jami'ar Ahmadu Bello ce. Bisa dukansu akwai tushe, wanda a ke zuwa gare shi ta sunaye 13, daga A zuwa M, kwafinsu kuwa ya bazu a ɗaruruwan wurare a duniya. Mai neman lambar abu.edu.ng ya kan fara daga tushe, a tura shi ga mai ng, haka haka har ya kai ga wanda amsar ke hannunsa.

Malaman Hausa za su lura jerin kalmomin ya yi daidai da namu, ƙarami a gaba, babba a baya, kamar yadda mu ke cewa Yelwan Yawuri. A cikin ƙasar Yawuri, in mutum ya ce za shi Yelwa ya gama magana. A tashar motar Kaduna kuwa sai an tambaye shi wace, don akwai Yelwan Shendam a Jihar Filato, akwai kuma Yelwa a Bauchi. Haka na'ura ta ke da gajeren suna wanda ya isa a gida, da cikakken suna wanda aka ƙara masa ƙarshe.

4. Sunan gida da sunan waje

Bahaushe ya saba da mutum ya kasance da suna biyu. Akwai sunan yanka wanda ke kan takardar makaranta, akwai kuma wanda a ke kiransa da shi a tsakar gida, musamman inda alkunya ta hana uwa ambaton sunan ɗanta na fari. Kabilu ma haka ne, don waɗanda Hausawa ke kira Gungawa, daga kalmar gungu, watau tsibiri, su Reshe su ke kiran kansu. Sunan cikin gida yana da amfani matuƙar an san iyakarsa. Gida goma a unguwa ɗaya suna iya samun Babangida goma, ba kuwa wanda zai rikice, don kowane gida da nasa.

An yi wa lambobi irin wannan tanadi cikin 1996, a takardar ƙa'ida mai lamba RFC 1918. Aka ware rukuni uku domin cikin gida: duk masu farawa da 10, da masu farawa da 172.16 har zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Ba a bi da waɗannan a intanet na waje. Don haka wani gida a Wara da wani a Shanga duka suna iya amfani da 192.168.1.10, rauta kuwa ita ke tsaye a ƙofa, tana fita da saƙon kowa da lambar waje guda.

Sunaye sun daɗe ba su sami irin wannan tanadi ba. Kowa ya kan ƙaga ƙarshen sunan da ya ga dama, kamar home ko corp ko dev, yana zaton ba mai shi. Daga baya kamfanin Google ya mallaki dev, cikin 2017 kuwa manhajarsa ta Chrome ta fara ƙin buɗe duk shafin da ke da wannan ƙarshe sai ta hanya kullalliya mai takardar shaida. Nan da nan shafukan cikin gida na mutane da yawa suka daina buɗewa. Su kuwa home da corp da mail, tambayoyin da ke tsiyaya game da su daga gidaje da ofisoshi zuwa tushe sun yi yawa, har hukumar ICANN mai kula da ƙarshen sunaye ta yanke cikin 2018 ba za ta ba kowa su ba.

Yanzu akwai biyu da aka ware. Na farko home.arpa, wanda RFC 8375 ta keɓe domin gidaje cikin 2018. Na biyu internal, wanda ICANN ta keɓe cikin 2024. Kowanne aka ɗauka daidai ne. Akwai na uku, local, wanda bai kamata a rubuta shi a littafin magatakarda ba, don RFC 6762 ta 2013 ta ba da shi ga wani tsari dabam inda babu magatakarda sam. A can na'ura shela ta ke yi cikin gida tana cigiyar mai suna kaza, mai sunan ya amsa da kansa. Na'urorin Apple da firintoci da yawa da shi su ke aiki. A bar shi ya yi aikinsa, amma in aka ba magatakarda irin waɗannan sunaye, wasu na'urori ba za su ma tambaye shi ba.

5. Yadda a ke tsara aikin

A ƙaddara wani malami ne a Yelwa ke tara muryoyin da ya naɗa na masu harshen Reshe da Kambarci, da littattafan da ya kwafa, duka a kwamfuta guda, yana so ɗalibansa su riƙa buɗe su daga wayoyinsu. Yana kuma da firinta, da kyamara a ƙofar gida. Ga matakan da zai bi.

Na ɗaya, ya ware na'urorin da a ke nema daga masu nema. Waya nema ta ke yi, ba safai a ke nemanta ba, don haka aron lamba ya ishe ta. Kwamfutar ajiya da firinta da kyamara su a ke nema, su ke bukatar tsayayyiyar lamba da suna.

Na biyu, ya shiga shafin rauta, wanda lambarsa ta kan kasance a rubuce a jikinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Ya taƙaita lambobin aro, a ce daga 100 zuwa 200, sa'an nan ya ɗaure wa kowace na'urar da a ke nema lamba ɗaya a ƙasa da 100. A kan ɗaure ta ne ga wata lamba da aka buga wa na'urar tun daga masana'anta, wadda a ke kira MAC.

Na uku, ya rubuta littafin sunaye, lamba a hagu, suna a dama:

192.168.1.1 mashiga
192.168.1.2 magatakarda
192.168.1.10 taska
192.168.1.11 tawada
192.168.1.12 zaure

Mashiga ita ce rauta, taska kwamfutar ajiya, tawada firinta, zaure kyamara. Cikakken sunan kwamfutar ajiya ya zama taska.home.arpa ke nan.

Na huɗu, ya zaɓi inda littafin zai zauna. Har yau kowace kwamfuta tana da fayil mai suna hosts, jikan wancan na ARPANET, a kan kuma iya rubuta sunayen a cikinsa. Amma wannan komawa ce ga wahalar dā, don sai an bi kwamfutoci ɗaya ɗaya, wayoyi kuwa ba su yarda a taɓa nasu ba. Mafi kyau a ajiye littafin wuri guda. In rauta tana da wurin rubuta sunaye, shi ke nan. In ba ta da shi, kamar yawancin ƙanana masu sim, sai a sami wata 'yar kwamfuta mara cin wuta, irin Raspberry Pi, a sa mata manhajar dnsmasq, wadda Simon Kelley ya fara fitarwa cikin 2001, a zuba sunayen a fayil ɗin hosts nata.

Na biyar, ya koya wa magatakarda iyakar aikinsa. A fayil ɗin umarni na dnsmasq layuka kaɗan sun isa:

domain=home.arpa
expand-hosts
local=/home.arpa/
domain-needed
bogus-priv
server=9.9.9.9

Biyun farko suna ƙara home.arpa ga kowane gajeren suna. Na uku yana cewa duk sunan da ya ƙare da home.arpa daga littafin gida za a amsa shi, in babu shi a ce babu, kada a fita da tambayar waje. Na huɗu yana hana fita da gajeren suna wanda ba shi da ɗigo. Na biyar yana hana tambayar waje game da lambobin cikin gida. Na ƙarshe shi ke nuna wanda za a tambaya sauran sunayen duniya. A nan an sa 9.9.9.9 na Quad9. A kan iya sa 8.8.8.8 na Google, wanda aka buɗe cikin 2009, ko 1.1.1.1 na Cloudflare na 2018, ko kuwa na kamfanin da ya sayar da layin. Magatakarda ya kan riƙe amsar waje na ɗan lokaci, in an sake tambaya ya ba da ita ba sai ya fita ba.

Na shida, ya sanar da mutanen gida. A shafin rauta, inda a ke rubuta lambar mai warware suna, ya sa 192.168.1.2, don duk na'urar da ta karɓi aron lamba ta ji wanda za ta tambaya. In rauta ba ta yarda da wannan ba, sai a kashe mata rabon lamba a ba dnsmasq, don shi ma ya iya. Kada dai a bar masu rabo biyu a gida ɗaya.

Na bakwai, ya gwada. A kwamfuta ya rubuta nslookup taska.home.arpa, ya ga ko an ba shi 192.168.1.10, sa'an nan nslookup abu.edu.ng, ya ga ko hanyar waje na aiki. Gwaji na ƙarshe shi ne ya kashe data ya sake neman taska. In ta amsa, to, gidan ba ya jiran kowa kafin ya sami kayansa, wannan kuwa babban abu ne a ƙauyukan bakin tafki inda layi ya kan yi rauni.

6. Abubuwan da ke ɓata aikin

Na farkonsu wuta ce. In magatakarda ya mutu rauta tana raye, mutanen gida za su ce intanet ya yanke, alhali hanya a buɗe ta ke, mai ba da kwatance ne ba ya nan. Sai a haɗa su biyun ga batir ɗaya ko sola ɗaya.

Wasu don gudun wannan su kan rubuta 8.8.8.8 a matsayin mai warware suna na biyu. Wannan magani ya kan zama cuta, don na'urori ba kullum su ke bin jeri ba. In waya ta tambayi na waje game da taska, zai ce bai san ta ba, ita kuwa ta yarda ba ta sake tambaya ba, sai abin ya riƙa yi yau, gobe ya ƙi. In a na son na biyu, ya kasance shi ma na cikin gida ne mai littafi iri ɗaya.

Har wa yau, tun daga Android 9 na 2018 akwai wurin da a ke sa waya ta kai tambayarta kai tsaye ga wani na waje a ɓoye, wasu manhajojin buɗe shafuka ma suna da irinsa. Wayar da aka yi wa haka tana iya tsallake magatakardan gida, don haka in waya guda ce ta kasa ganin taska, nan za a fara dubawa. Kuma tun daga Android 10 na 2019 da iOS 14 na 2020, wayoyi su kan ɓoye lambarsu ta MAC su nuna wata ƙagaggiya; wanda ke son ɗaure wa waya lamba sai ya kashe mata wannan a waifai na gida.

Na ƙarshe, magatakarda ta ƙofa mai lamba 53 ya ke sauraron tambaya. Kada a buɗe wannan ƙofa ga waje, don ɓarayin intanet su kan yi amfani da irin waɗannan wajen kai wa wasu hari. Kada kuma mai gida ya yi tsammanin zai kira taska.home.arpa daga kasuwar Wara ta amsa. Sunan gida ne, a gida a ke jinsa.

7. Haruffan Hausa

Ƙa'idar sunayen na'urori, wadda aka shimfiɗa cikin 1985 aka ɗan sassauta cikin 1989, ta yarda da haruffan Turanci 26, da alƙaluma 0 zuwa 9, da karan ɗori a tsakiya. Kowane kashi na suna ba ya wuce harafi 63. Babba da ƙaramin baƙi ɗaya ne, watau Taska da taska ba bambanci. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba su cikin wannan jeri. Tun 2003 akwai dabarar shigar da haruffan wasu harsuna, ta mai da sunan wani jerin baƙaƙe mai farawa da xn--, amma ba kowace rauta ko firinta ta gane ta ba. Alhamza kuwa ba ta da wuri ko kaɗan, don haka ma'aji da 'yara ba su rubutuwa. Ƴ na rubutun Jamhuriyar Nijar ya kauce wa matsalar 'y, amma ya faɗa ta masu ƙugiya.

In aka cire ƙugiya ma'ana tana iya juyawa, baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa. Na'ura ba ta damu ba, amma malamin da ke tsawata wa ɗalibai a kan ƙugiya bai kamata ya sa su rubuta daki da kofa kullum ba. Hausa tana da yalwar kalmomin da ba su da ƙugiya ko alhamza, kamar taska, rumbu, soro, zaure, shago, tawada, fitila. Daga cikinsu ya kamata a zaɓa. Inda kuwa suna ke da rubutu biyu, kamar Yelwa da Yalwa, ko Yawuri da Yauri, na'ura sunaye biyu ta ke gani. Sai a rubuta duka biyun a layi ɗaya gaban lamba ɗaya, ɗaya suna, ɗaya laƙabi.

8. Game da kalmomin da aka yi amfani da su

An guje wa kalmar fassara wajen wannan aiki, don lamba ba ma'anar suna ba ce, wurin zaman mai sunan ce. Kwatance ya fi kusa, amma ya fi dacewa da amsar da a ke bayarwa bisa ga aikin nemanta. Shi ya sa aka ɗauki warware suna, kamar yadda a ke warware zare a bi shi har bakinsa. Rauta da firinta da waifai an bar su yadda bakin mutane ya riga ya sarrafa su. Magatakarda, da tushe, da ƙarshen suna, da aron lamba, shawara ce kawai. Muna roƙon malaman kwalejojin horon malamai su gwada su a aji, su ga waɗanda ɗalibai suka kama da waɗanda suka ƙi, in kuma masu gyaran waya da masu saka sola na Yelwa ko Wara suna da wasu kalmomi da su ke faɗa a bakin aikinsu, a rubuto wa Sashen nan da su, don wadda ke bakin masu sana'a ita ta fi cancanta a ɗauka.